Agajin jinƙai ga yara a yankunan yaƙi

Agajin jinƙai ga yara a yankunan yaƙi shi ne taimakon da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da gwamnatoci, da su kansu mutanen wurin suke kai wa yaran da faɗa ya rutsa da su. Ban da ruwan sha da matsuguni da rigakafi, aikin ya fi karkata ga abu uku: maganin tamowa, da karatu, da lafiyar ƙwaƙwalwa. An ƙiyasta cewa a 2023 yara miliyan 473 ne ke zaune a wuraren da ake yaƙi, wato fiye da ɗaya cikin kowane yara shida na duniya. A yaƙe-yaƙe da dama, yaran da yunwa da gudawa da ƙyanda suke kashewa sun fi waɗanda harsashi ya samu yawa, domin da zarar asibiti ya rufe, kasuwa ta watse, manomi ya bar gonarsa, ƙaramin yaro ne yake fara jigata.

Asali

A 1919 aka kama wata 'yar Ingila, Eglantyne Jebb, a birnin Landan tana raba takardu masu hotunan yaran Ostiriya da yunwa ta ƙanjame bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kotu ta ci ta tarar fam biyar. Abin da ya fusata mutane da yawa shi ne yaran na abokan gaba ne. A shekarar ce ita da ƙanwarta Dorothy Buxton suka kafa ƙungiyar Save the Children, kuma Jebb ce ta tsara daftarin haƙƙin yara da Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta amince da shi a Janiba a 1924. An kafa UNICEF a watan Disambar 1946 don ciyar da yaran da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaiɗaita, ba tare da duba ɓangaren da iyayensu suke ba. Hotunan yara masu kumburin ciki na lokacin yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, sun girgiza duniya, kuma wasu daga cikin likitocin Faransa da suka yi aiki a can suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitoci ta MSF a 1971.

Ta fuskar doka, ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyoyin Janiba na 1949 a 1977 ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami kan fararen hula. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ta ɗora wa ƙasashe nauyin kare yara lokacin yaƙi da taimaka musu su farfaɗo bayansa. Rahoton da Graça Machel ta ƙasar Mozambik ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1996 shi ne ya kai ga kafa ofishi na musamman kan batun, sannan a 2005 Kwamitin Sulhu ya kafa tsarin bin diddigin manyan laifuka shida da ake yi wa yara, ciki har da kai hari kan makarantu da asibitoci da hana agaji shiga.

Ciyarwa da maganin tamowa

Kayan aikin farko ɗan siririn tef ne mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59. Idan awon ya gaza milimita 115, ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, abin da ya haura kore. Ana kuma danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron na daƙiƙa uku. In wurin ya lotsa bai koma ba, kumburi ne, kuma shi kaɗai ya isa a fara magani. Awon ba ya buƙatar iya karatu, shi ya sa yanzu ake koya wa iyaye mata su riƙa yi da kansu, musamman inda ma'aikacin lafiya ba zai iya shiga ba.

A da, sai an kwantar da yaron a cibiyar ciyarwa ana dama masa madarar magani. Wannan na buƙatar tsaftataccen ruwa da gadaje da ma'aikata, ga cututtuka na yaɗuwa tsakanin yaran, uwa kuma ta bar sauran 'ya'yanta na makonni. Da yawa ba sa zuwa, wasu kan gudu kafin a sallame su. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, tare da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset, suka haɗa wani abinci na niƙaƙƙiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, wanda aka sani da Plumpy'Nut. Kowace leda giram 92 ce mai kalori 500. Ba a dafawa, ba a haɗawa da ruwa, saboda haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa, kuma yaro na iya tsotsa da kansa. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince a riƙa yi wa yara wannan magani a gida. Ana fara gwada yaron a gaban ma'aikaci: in ya ci, sai a ba uwarsa na mako ɗaya ko biyu tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Jinyar kan ɗauki mako 6 zuwa 8, kimanin katan ɗaya mai leda 150.

Wanda ya kasa ci, ko yake da wata cuta a kai, asibiti ake kai shi, a fara da madara marar ƙarfi kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku. Jikin da ya daɗe da yunwa ba ya jure cika ciki farat ɗaya, gaggawa na iya yin kisa.

Amma a gidan da kowa ke jin yunwa, da wuya uwa ta ba yaro ɗaya ta hana sauran, wani lokacin ma a sayar da ledar a sayi hatsi. Ba rashin tausayi ba ne, lissafin tsira ne, shi ya sa ake haɗa maganin da rabon abinci ko kuɗi ga iyalin duka. Haka nan ma'aikata na ƙoƙarin hana rabon madarar gwangwani barkatai, domin in aka dama ta da gurɓataccen ruwa gudawa ce ke biyo baya, nonon uwa kuma ya ragu.

Ba a ayyana cewa wuri ya faɗa matakin yunwa mafi muni sai kashi 20 cikin ɗari na gidaje sun rasa abinci, kashi 30 na yara sun kamu da tamowa, kuma mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. An yi haka a Somaliya a 2011, da Sudan ta Kudu a 2017, da sansanin Zamzam na Darfur a 2024, da Gaza a 2025. A Somaliya mutum kusan 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kusan rabin mace-macen sun auku ne kafin sanarwar.

Karatu

An daɗe ana ɗaukar makaranta a matsayin abin da zai jira zaman lafiya, tun da rashin karatu ba ya kashe mutum yau. Sai dai gudun hijira kan kai shekaru, kuma yaron da ya daɗe a waje da wuya ya koma aji. A makaranta ne ake ba shi abinci, a koya masa gane nakiya, a lura in baya da lafiya. Wanda ke aji kuma ya fi wuyar ɗauka aikin soja ko aurarwa da wuri. UNICEF na da akwatin da ke ɗauke da littattafan rubutu da fensir da alli na ɗalibai 40, murfinsa ma in an shafa masa baƙin fenti sai ya zama allo. Labanan ta buɗe ajin rana a makarantun gwamnati don yaran Siriya. A birnin Kharkiv na Yukren an mayar da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ajujuwa a 2023.

Gina tanti abu ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne malami da takardar shaida. A Yaman malamai da yawa sun shafe shekaru tun 2016 ba albashi na ƙa'ida. Yaran ƙabilar Rohingya da suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladash a 2017 sun yi shekaru suna karatun da ba wata ƙasa da ta san da shi, kafin a fara koya musu manhajar Myanmar. A 2015 aka fitar da Sanarwar Kare Makarantu a Oslo, wadda ƙasashe fiye da 100 suka sa wa hannu, suka yi alkawarin kauce wa mayar da makarantu sansanin soja. A 2016 kuma aka kafa asusun Education Cannot Wait, mai tallafa wa karatun yara lokacin rikici, a taron jinƙai na duniya a Istanbul.

Lafiyar ƙwaƙwalwa

Yaron da ya ga tashin hankali kan yi mugun mafarki, ko fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya manne wa uwarsa, ko ya yi shiru, ko ya koma mafaɗaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a yankunan rikici na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masu nazarin halayyar yara Anna Freud da Dorothy Burlingham suka lura, a gidajen renon da suka buɗe a Landan, cewa rabuwa da uwa ya fi ruwan bama-bamai taɓa ƙananan yara. Wannan ne ya sa neman iyalan yaron da ya ɓata ya fi ajiye shi a gidan marayu, kuma kula da uwar da damuwa ta danne wani ɓangare ne na kula da ɗanta.

Ƙa'idojin da hukumomin agaji suka fitar a 2007 sun raba aikin hawa huɗu: tsaro da buƙatun yau da kullum ga kowa, sai tallafin iyali da jama'a, sai taimakon ma'aikatan da aka horar ga waɗanda suka fi jigata, sai ƙwararrun likitoci ga 'yan kaɗan. An daina tara yara a tilasta musu ba da labarin abin da suka gani, domin an gano ba ya hana ciwon, yana ma iya fama shi. Binciken da Theresa Betancourt ta fara a Saliyo a 2002 kan yaran da aka sa aikin soja ya nuna waɗanda danginsu da jama'arsu suka karɓe su sun fi farfaɗowa fiye da waɗanda aka tsangwama. Ana kuma sa wasa da hira da yaro cikin jinyar tamowa kanta, domin yunwa kan dakushe kuzarinsa ya daina kula kowa.

Hanya da kuɗi

Yadda za a yi aikin sananne ne, isa wurin yaran ne cikas. A El Salbado a 1985 gwamnati da 'yan tawaye sun amince da wasu ranakun tsagaita wuta don rigakafin yara, a 1989 kuma aka cimma yarjejeniyar shigar da agaji kudancin Sudan. Izinin da Kwamitin Sulhu ya bayar a 2014 na shigar da kaya Siriya ta kan iyaka ya ƙare a 2023 bayan Rasha ta hau kujerar na-ƙi. A 2024 an kashe ma'aikatan agaji fiye da 300, mafi yawa 'yan ƙasashen da abin ya shafa. A 2025 Amurka, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen ba da kuɗi, ta rushe hukumarta ta USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu, aka rufe cibiyoyi da dama. In kuɗi ya yi kaɗan, karatu da lafiyar ƙwaƙwalwa ake fara zaftarewa. Abincin maganin tamowa kuwa sai an yi odarsa watanni kafin a buƙace shi, don haka kuɗin da ya makara ba ya cike giɓin da aka riga aka samu a rumbun ajiya.