Abubuwan da ke Jawo Toshewar Jijiyoyin Zuciya Farat Ɗaya

Toshewar jijiyoyin zuciya farat ɗaya yanayi ne da jinin da ke ciyar da tsokar zuciya yake raguwa ko ya yanke kwatsam. A ƙarƙashinsa akwai bugun zuciya, inda wani sashe na tsokar ke mutuwa, akwai kuma ciwon ƙirji mai tasowa ko mutum yana zaune, tun tsokar ba ta lalace ba. Galibi kitsen da ya daɗe yana taruwa a bangon jijiya ne ke fashewa, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe.

Ciwon kan faɗo cikin mintoci, amma abubuwan da ke share masa fage shekaru suke ɗauka. Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948 ne ya taimaka wajen tabbatar da alaƙarsa da hawan jini, da shan taba, da yawan kolestarol (wani nau'in kitse) a jini. A 2004 kuma binciken INTERHEART, wanda ya shafi ƙasashe 52, ya nuna cewa abubuwa 9 da za a iya sauyawa ne ke bayan kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko. Gurɓacewar kitsen jini da shan taba ne suka fi nauyi, sauran kuma sun haɗa da hawan jini, ciwon sukari, teɓa, damuwa da rashin motsa jiki.

Ciwon sukari ya cancanci a tsaya a kansa. Ban da lalata jijiyoyin jini, yana iya dusashe jin zafi, har bugun zuciya ya zo wa mai shi da haki, gumi ko kasala kawai, ba tare da ƙirji ya yi ciwo ba. Irin haka kan faru ga tsofaffi da mata ma, shi ya sa sukan makara zuwa asibiti. Taba kuwa, ko 'yan karare a rana suna ƙara haɗari, amma yana raguwa sosai cikin 'yan shekaru bayan an daina.

Shekaru, jinsi da gado ba su sauyuwa. Maza kan riga mata kamuwa, kuma likitoci na lura da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu kafin shekara 55, ko mahaifiya ko 'yar'uwa kafin 65.

Abubuwan nan sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗaya ƙarfi. Duk da haka akan sami marasa lafiyar da ba su shan taba, ba hawan jini, ba sukari, kolestarol ɗinsu ma daidai, kuma jijiyar ta toshe.