Waiwaye: Asalin ruwan da ke kwance ƙarƙashin Gulbin Maraɗi

Maraɗi ba ƙasar tsaunuka ba ce da za a ga marmaro yana zubowa daga jikin dutse. Idon ruwanmu a ɓoye yake. Da rani gulbi yakan ƙafe ƙurmus, amma mai lambu a fadama ya san ba ya yin nisa da haƙa kafin rairayi ya jiƙe, ruwa mai sanyi ya fara tsattsafowa. Wannan ruwa yana da tarihi, kuma ya girmi garin nesa ba kusa ba.

A kudancin jihar, wajen Ɗan Isa da iyakar Najeriya, tsohon dutse mai tauri ne a kusa da fuskar ƙasa, wanda ya haura shekaru miliyan 500. Ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa, shi ya sa gina rijiya a can ke da wuya. Da an nausa arewa sai dutsen ya nutse, wani shimfiɗaɗɗen dutsen yashi ya hau kansa. Koguna ne suka tara wannan yashi a zamanin da ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, cikin babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar, Mali da Najeriya. Ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinsa su ne rumbun ruwanmu na ƙasa.

A samansa kuma akwai rairayi da tsakuwar da gulbi ya zuba. Tsakanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka shuɗe, Sahara kore ce shar, koguna na gudana da ƙarfi. Gulbin Kaba da kwarin Tarka, da a yau ba kasafai suke gudu ba, shaida ne na irin waɗancan lokutan damina. Gulbin Maraɗi ne ya rage da rai. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima. Duk daminar da ya cika ya malala, wani kaso na ruwan yakan nutse ya ƙara wa na ƙasa. Inda ya tarar da yumɓu sai ya tsaya, ya kwanta kusa da sama. A nan rijiyoyin lambu suke samunsa.

Katsinawan da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 sun san abin da suke yi da suka zauna a wannan kwari: ga ruwa, ga kurmin da zai kare su. Sai dai gulbin da ya ciyar da su ya ci garin a 1945, abin da ya sa aka mayar da birnin kan tudu. Daga baya, bayan farin shekarun 1970, aka buɗe filin noman rani na Jiratawa a farkon shekarun 1980, wanda injuna ke shayar da shi daga wannan ruwa na ƙasa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne madatsar Jibiya, da aka kammala a 1989 a kan kogin cikin Najeriya, kafin ya shigo Nijar, mai ɗaukar kusan cubic mita miliyan 142. Tun daga nan zuwan ruwa Maraɗi bai rataya ga sama kaɗai ba, har da buɗe ƙofar dam. A 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. A ganina mun fi damuwa da ruwan da muke gani yana wucewa, muna mantawa da cewa malalar da ta ragu ita ce ke ɗura wa rijiyoyinmu.

Wani zai ce to a zurfafa haƙa mana. Mutanen Tibiri sun ga ƙarshen wannan shawara. Rijiyar burtsatsen da aka haƙa musu a shekarun 1980 ta taɓo tsohon ruwa mai sinadarin fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora masu tabo da ƙasusuwa a lanƙwashe. Ruwan garau yake a ido, amma ya daɗe yana kwance cikin dutse yana narkar da abin da ke jikinsa. Ga shi kuma irin wannan ruwa mai zurfi a hankali ƙwarai yake sabuntuwa, ba kamar na fadama ba.

Yau famfuna masu aiki da hasken rana suna ta yaɗuwa a lambunan zogale da albasa, kuma alheri ne babba ga talaka. Abin da ya kamata ya biyo su shi ne awon zurfin ruwa a kowace kaka da bazara, da gwada kowace sabuwar rijiya kafin a ba yaro ya sha.