Red Sox ba ta ɗauki kofin 2004 a hannun Yankees ba

Har yau wasu na cewa a kan New York Yankees ne Boston Red Sox ta ci kofin World Series na 2004, wato babban kofin wasan baseball na Amurka. Ba haka ba ne. Dukansu biyun 'yan rukunin American League ne, kuma World Series karawa ce tsakanin zakaran wannan rukuni da na National League, don haka ba yadda za a yi su haɗu a can.

Abin da mutane ke tunawa wasan fitar da gwanin rukuninsu ne, inda wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai ke wucewa. Yankees ta ci ukun farko, na uku ma da ci 19 da 8. A wasa na huɗu, zagaye na tara, ana bin Boston 4 da 3, Dave Roberts na Boston ya saci zango na biyu (wato ya ruga can tun kafin a buga ƙwallo), abokin wasansa Bill Mueller ya buga ƙwallon da Mariano Rivera na Yankees ya jefo, Roberts ya kai gida ya ci maki, aka yi kunnen doki. David Ortiz ya ci wa Boston wasan a zagaye na 12. Boston ta cinye sauran ukun.

Kofin kuwa, Boston ta ɗauke shi ne bayan ta lallasa St. Louis Cardinals, huɗu ba ko ɗaya, karon farko tun 1918.