Waiwaye: Daga Nokia zuwa Tecno, ko akwai sauran wuri ga wanda ya zo a makare?

Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano a yau, ko ya bi ta titin Beirut, allunan Tecno da Infinix da itel ne za su fara cika masa ido, sai Samsung da Redmi, sai akwatunan gilashi na masu iPhone 'yar Landan. Yaron da aka haifa bayan 2010 zai ɗauka haka aka taso aka tarar. Amma waɗannan da suka mamaye kasuwar su ne baƙin jiya.

A watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya. Lokacin layi kaɗai sai mai hali, waya kuwa ko Nokia 3310 ce, ko Sagem, ko Motorola, ko Siemens. Da Nokia 1100 ta fito a 2003 da 'yar fitilarta a ka, sai ta gama da kowa, har aka laƙaba wa irinta sunan raka-ni-kashi. Ta faɗi ƙasa a tsince ta a haɗa ta ci gaba da aiki, caji ɗaya ya yi kwanaki. BlackBerry ta zo ta yi nata tashen a hannun 'yan boko da 'yan mata, ana ta musayar lambar BBM, wato manhajar hirarta.

Faɗuwarsu ba ta ɗauki lokaci ba. Apple ya fito da iPhone a 2007, wayar Android ta farko ta biyo a 2008, Samsung ya hau wannan dokin da Galaxy. Nokia ya zaɓi manhajar Windows a 2011, bayan shekara uku Microsoft ya saye sashen wayarsa. BlackBerry ya daina ƙera waya da kansa a 2016.

Abin da ya fi shafar Kano a labarin nan shi ne Transsion, kamfanin da Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, wanda ya karkata ga Afirka da sunan Tecno tun wajen 2008. Ya shigo ne lokacin da kalmar "'yar Chaina" kusan zagi ce: waya mai ƙarar sifika kamar ta mai tallan magani, da eriyar talabijin, wata uku ta mutu. Ba wanda ya ɗauka za a je ko'ina. Abin da kamfanin ya yi shi ne ya dubi aljihun mutane. Ɗan kasuwar Kwari ko Singa yana yawo da waya biyu ko uku, don kira daga wannan layi zuwa wancan ya fi tsada, sabis kuma ba tabbas. Sai aka ba shi waya mai layi biyu. Wuta ba ta zama, masu caji da janareta sun cika bakin titi. Sai aka ƙara girman batir. Aka gyara kyamara ta riƙa fito da baƙar fata yadda take, aka sa Hausa cikin harsunan wayar, aka buɗe wuraren gyara na Carlcare. Manyan kamfanoni sun san duk waɗannan matsaloli, ba su dai ga sun kai a ɓata lokaci a kansu ba.

Akwai kuma wata dabara da har yau wasu masu saye ba su farga da ita ba. Tecno da itel da Infinix duk 'yan gida ɗaya ne. Mutum zai yi fushi da Tecno ya rantse ya koma Infinix, alhali kuɗinsa aljihu ɗaya suka faɗa. Zuwa 2017 Transsion ya zarce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka, a 'yan shekarun nan kuma kusan rabin manyan wayoyin da ke shigowa nahiyar nasa ne, ko da yake a duniya Apple da Samsung ne ke kan gaba.

Batir kaɗai bai isa ba, Gionee shaida ne. Ya yi suna a nan saboda caji, uwar kamfanin ta karye a ƙarshen 2018, masu wayar suka koma neman kayan gyara kamar neman ruwa a tsakiyar rani.

Kwamfutar hannu kuwa, wato irin su iPad da ta fito a 2010, ba ta taɓa kama ƙasa sosai a Kano ba. HP da BlackBerry sun gwada a 2011 suka sha ƙasa. A gida an yi wata mai suna Inye, shirin N-Power ma ya raba wa matasa irinsu, amma da fuskar waya ta wuce inci shida sai ta cinye kasuwar. Yanzu an fi ganinta a hannun yara, ko a gaban malami yana duba littafi a majalisin karatu.

To ina makomar na baya? Xiaomi da Oppo sun shigo Najeriya a hukumance a 2019, kuma Redmi ta Xiaomi ta samu wurin zama. A shekarar ne takunkumin Amurka ya raba sababbin wayoyin Huawei da manhajojin Google, suka ja baya a shagunanmu. LG ya bar sana'ar baki ɗaya a 2021. Mara, da ya buɗe masana'anta a Ruwanda da Afirka ta Kudu da kirarin wayar Afirka, bai yi ƙarko ba. A ganina ƙofar ba ta rufe ba, ta dai ƙara ƙunci, don layi biyu da babban batir yanzu kowa yana da su. Tambayoyin da Bakano ke yi a gaban kanta guda biyu ne: "In ta fashe akwai sikirin ɗinta a kasuwa?" da "In na zo sayarwa nawa za ta yi?" Waya a nan ajiya ce, ana canza ta a yi ciko, ana sayar da ita ranar da ta ɓaci. Sabon suna ba shi da amsar ko ɗaya, kuma mai shago ba zai tura wa abokin cinikinsa abin da za a dawo masa da shi ba.

Gurbin da ya rage shi ne farashi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, wayar da ma'aikaci ke saya da albashin wata ɗaya ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa kasuwar ta hannu ta buɗe, tsarin biya kaɗan-kaɗan kuma ya shigo, irin wanda ake kulle wayar daga nesa in mutum ya saɓa. Transsion ya riga ya sa ƙafa a nan ma. Sai dai a Kano da yawa sukan tsaya su tambayi malami hukuncin ƙarin da ake ɗorawa kafin su sa hannu, kuma a kan wannan tambayar ciniki da dama ke watsewa a bakin kanta.