Ɗora Babbar Manhaja Biyu a Tsohuwar Kwamfuta Mai Iyakar Faifai

Ɗora babbar manhaja biyu a kwamfuta ɗaya, misali Windows da Linux, tsari ne da ke ba mai na'ura damar zaɓar wadda zai shiga duk lokacin da ya kunna ta. A kwamfutocin shekarun 1990 zuwa farkon 2000 aikin yana da sarƙaƙiya, domin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da na'urar, ba ta iya ganin faifan ajiya gaba ɗaya idan girmansa ya wuce wani haddi.

Asalin iyakokin

Tsohuwar BIOS tana neman bayanai a faifai ta lambobi uku: silinda (lambar zoben da ke kan faifan), kai (allurar da ke karanta kowace fuskar faifan) da sekta (gutsuren zoben), kowace sekta kuma bait 512 ce. BIOS ba ta ƙirga fiye da silinda 1024 da sekta 63, ita kuwa IDE, ƙa'idar haɗa faifai da kwamfuta, ta tsaya a kai 16. Da aka haɗa su biyun, sai lissafi ya tsaya a megabait 528, iyakar da ta addabi na'urori har wajen 1994. Daga baya aka koya wa BIOS sauya lambobin har adadin kai ya zama 255, sai haddin ya koma gigabait 8.4. Hanyar LBA, wadda ke ba kowace sekta lamba ɗaya a jere, ta kawar da wannan, amma lambarta mai bit 28 ta ƙare a gigabait 137, sai da sabuwar ƙa'idar faifai ta ATA-6 ta kawo mai bit 48. A tsakani akwai wasu BIOS na kamfanin Award da kan maƙale da zarar sun ga faifan da ya haura gigabait 32.

Su ma manyan manhajojin suna da nasu haddin. FAT16, tsarin jera fayiloli a DOS da Windows 95 na farko, ba ya wuce gigabait 2 a kowane yanki, wato kason da aka raba faifai zuwa gare shi, kuma Windows XP bai iya aiki da abin da ya haura gigabait 137 ba sai da gyaran SP1 na 2002.

Inda matsalar take kamawa

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne iyakar BIOS ta fi cizo a lokacin tashi kaɗai. Sekta ta farko ta faifai, da ake kira MBR, tana ɗauke da bait 446 na umarnin tashi da teburin yankuna huɗu. Manhajar tashi, wato wadda ke loda babbar manhaja, irin su LILO da GRUB na Linux ko NTLDR na Windows, tana dogara da BIOS wajen karanto fayilolin farko. Da zarar Linux ya tashi, sai ya rabu da BIOS ya yi magana da faifan kai tsaye, ya ga girmansa duka. Shi ya sa aka saba yanka ƙaramin yanki mai suna /boot a farkon faifai, ƙasa da silinda ta 1024, a bar sauran tsarin ya zauna can ciki. Tsohon LILO da aka ajiye bayan wannan layi yakan rubuta LI ko L a allo ya tsaya cak.

Jerin ɗorawa ma yana da ƙa'ida: a fara da tsohon Windows, sannan sabo, Linux a ƙarshe, saboda Windows yana share umarnin da ya tarar a MBR ya sa nasa. DOS da Windows 98 suna buƙatar babban yanki, wato ɗaya daga cikin huɗun da ke teburin MBR, da aka yi wa alamar mai aiki, wato wanda za a tashi daga gare shi. Linux yana zama lafiya a ƙananan yankunan da ke cikin faɗaɗɗen yanki, wato ɗaya daga cikin huɗun da ake sake rarrabawa.

Hanyoyin kaucewa

Mafi tsafta ita ce sabunta BIOS, idan kamfanin ya fitar da sabuwa, ko sanya katin PCI, wato katin da ake sokawa cikin kwamfuta a haɗa faifan da shi, mai ɗauke da tasa BIOS. Faifai da yawa na wancan zamani suna da ɗan maɓallin roba a baya da ke sa su nuna gigabait 32 kacal. Akwai kuma manhajojin rufi kamar Ontrack Disk Manager da EZ-Drive, masu shiga MBR su yi wa BIOS tafinta. Waɗannan ba abin so ba ne ga mai tsari biyu, domin suna takara da manhajar tashi a kan wuri guda, kuma idan aka tayar da na'ura daga wani faifai dabam ba tare da su ba, yankunan kan bayyana a birkice.

Haɗari mafi girma yana kan iyakar gigabait 137. Tsohon Windows da ya yi ƙoƙarin rubutu bayanta yana iya zagayowa ya rubuta a farkon faifai, ya lalata teburin yankuna tare da bayanan ɗayar manhajar. Don haka duk yankin da tsarukan biyu za su yi tarayya a kai, wanda galibi tsarin jera fayiloli na FAT32 ake yi masa, dole ya zauna cikin haddin tsarin da ya fi tsufa a cikinsu.