Me ake nufi da "yiwuwar ruwa kashi 60" a hasashen yanayi?

Da damina ta kankama a Gombe, sai ka ji mai shanyar masara ko mai shirin ɗaurin aure ya ciro waya yana cewa, "Yau an ce kashi 60 ne." Wasu sun ɗauka ruwan zai mamaye kashi 60 na gari. Wasu kuma suna ganin ƙarfin ruwan ake nufi, wato kashi 90 ambaliya, kashi 20 yayyafi. Duk ba haka ba ne.

Lambar tana faɗin yiwuwar a samu ruwan da za a iya aunawa a wurin da kake, cikin lokacin da aka ambata. In aka tara ranaku 10 masu irin iskar yau da zafinta da laimarta, ana sa ran ruwa zai sauka a 6 daga cikinsu, 4 su wuce a bushe. Saboda haka ranar da aka ce kashi 60 kuma ko ɗigo bai sauka ba, ba a yi ƙarya ba, ɗaya daga cikin huɗun nan aka faɗa. Haka nan kashi 20 na iya zuwa da ruwan da zai cika kwaruruwan cikin gari har ya ci gindin katanga. Yawan ruwa lissafinsa daban, da milimita ake yinsa: milimita 1 na nufin lita 1 a kan filin da tsawonsa da faɗinsa mita ɗai-ɗai ne.

Abin da ke sa jama'a yanke ƙauna daga hasashe a nan shi ne irin ruwan da muke samu. Galibinsa na hadari ne, shi kuwa hadari ba ya rabo daidai. Ana iya sheƙa ruwa a Tumfure, mutanen Pantami suna shan ƙura. Manhajojin waya kuma yawancinsu daga lissafin kwamfutocin ƙasashen waje suke ɗebo lambobinsu, waɗanda ke yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗin kilomitoci da dama. Ƙaramin hadari ɗaya na iya tashi ya zubar ya watse a cikin gida guda, lissafi bai kama shi ba. A ganina wanda ya dogara da waya kaɗai, bai ɗaga kai ya dubi sama ba, ya bar rabin labarin.

Masana sun kasa gajimare gida 10, bisa tsarin sunayen da wani Baturen Ingila, Luke Howard, ya fito da shi a 1802. Manomi ba ya bukatar haddace su duka. Siraran fararen zare-zaren nan da ke can ƙololuwa, ƙanƙara ce zalla saboda sanyin sama, kuma ba sa kawo ruwa ƙasa. Fararen dunƙule-dunƙule masu shimfiɗaɗɗen gindi da ke yawo da hantsi, su ake kira kumulus. In sun tsaya ƙanana, wuni zai yi kyau. In kuwa ka ga suna ta tashi sama suna kumbura tun kafin azahar, to a kwashe shanya.

Wanda ya kumbura har ya ƙure shi ne hadari, kumulonimbus a bakin masana. A yankunan zafi irin namu tsayinsa kan haura kilomita 12, kansa ya baje gefe kamar uwar maƙera, gindinsa ya yi baƙi ƙirin don hasken rana ba ya iya ratsa shi. Tsawa da walƙiya da ƙanƙara duk daga cikinsa suke. Sanyayyar iskar nan mai ɗaga ƙura da yaye kwanon rufi kafin ruwa ya iso, iska ce da ruwan ya jawo ƙasa daga cikin hadarin, ta bugi ƙasa ta bazu a gabansa. Da ta busa, mintuna kaɗan suka rage.

Dattawa kan ce hadarin gabas ba ya fashi, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Laimar damina daga kudu maso yamma take zuwa, daga tekun Atilantika, amma iskar da ke can sama wadda ke tura hadari daga gabas take kaɗawa. Shi ya sa baƙin da ya haɗo ta wajen Dadin Kowa da Biu ya fi zama namu, wanda ya taru ta hanyar Bauchi kuwa sau da yawa ya riga ya wuce mu. Marka ta Agusta daban ce: sama ta rufe da toka-tokan gajimare shimfiɗe, babu iska, ruwa na zuba a hankali wuni guda, kuma shi ne ke shiga ƙasa sosai.

Akwai kuma hasashen damina gaba ɗaya da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, mai faɗin lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa da inda ake tsoron fari. Shi ma yiwuwa ce ba alkawari ba, sai dai ya fi amfani ga mai shuka. Kaltungo da Billiri kan riga Dukku da Nafada samun ruwa da makonni, don haka ranar shukar kudu ba ta arewa ba ce, kuma fari na iya biyo bayan ruwan farko ya ƙone iri a rami.