Sana'ar wankin gilashin taga da 'yan jinga a Gombe

Wankin gilashin taga sana'a ce ta wanke gilasan gidaje, ofisoshi, bankuna da shagunan filaza, galibi mutum ɗaya ne ke nemo aikin sai ya raba wa 'yan jinga. A Gombe tun da aka yi jihar a 1996 gine-gine suke ta ƙaruwa, tagogin almini masu zamewa suka fara ture luba, ga filazoji masu gilashi tun daga sama har ƙasa. Kasuwar tafi ci da hunturu, Nuwamba zuwa Fabrairu, ka wanke yau jibi ƙura ta dawo, sai kuma gab da sallah.

Jarin ba yawa. Bokiti, soso, omo kaɗan, robar jan ruwa, tsumma da tsani. Ana yi da sassafe ko da yamma don in rana ta dafa gilashi sabulu na bushewa kafin a ja, ya bar zane-zane. Ruwan wasu bohol ma yana barin farin tabo.

Ɗan jinga ba ɗan albashi bane. Ana yin ciniki ne kan aiki, kaza kowace taga ko kaza ginin gaba ɗaya, yana iya zuwa da kayansa, yana iya cewa yau ba zai samu ba, gobe kuma ka ganshi yana yi wa wani. Maigida shi ke rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shi ke karɓar kuɗi wajen kwastoma ya cire nasa. To amma in kai ke tsara masa lokacin zuwa da tashi, kayan aiki naka, ka hana shi yi wa kowa, gaskiya wannan ma'aikaci ne ko me ka kira shi, kuma kotu yadda ake aikin take dubawa ba suna ba. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya.

Inda rigima take shine tsani. Yaro ya faɗo daga bene ya karye, ko gilashin mutane ya fashe, sai kaji kowa na cewa ba ruwansa, wallahi abin ba daɗi. Shi yasa masu hankali ke rubuta yarjejeniya ko a WhatsApp ne: nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, wa zai biya ɓarna, wa ke da kuɗin asibiti, kuma aikin bene mutum biyu ne, ɗaya na riƙe da tsani.